Daga Fitutari Zuwa Kogin Challawa: Nazarin Girman Ƙwan Haihuwa a Jikin Ɓera da Darasinsa ga Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Fanshekara da yamma, ko ya ratsa Sharaɗa ta gefen rafin Salanta, ya san warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya kuma san launin ruwan da ke fitowa daga magudanun kamfanonin fata, wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi mai ratsin kore. Idan ana lissafa illar wannan dagwalo, abin da ido ke gani ake kawowa: ƙaiƙayin jiki, tari, mataccen kifi, ƙonanniyar shuka. Wannan nazari ya karkata ne ga wurin da ido ba ya kaiwa, wato ma'ajiyar ƙwan haihuwa da ke cikin jikin mace, da 'yar tsokar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai ba ta umarni, wadda masana ke kira fitutari.

Mafi yawan abin da aka sani game da alaƙar waɗannan gaɓoɓi biyu daga jikin ɓera aka koye shi. Dalili kuwa a fili yake. Macen ɓera tana balaga cikin makonni kaɗan, tana sakin ƙwai duk bayan kwana 4 zuwa 5, cikinta kuma ba ya wuce kwana 19 zuwa 21. Abin da zai ci wa mai bincike shekara ashirin a jikin ɗan Adam, cikin watanni yake ganin farkonsa da ƙarshensa a jikin ɓera.

Nazarin zai bi matakan girman ƙwai kamar yadda gwajin ɓeraye ya fayyace su, ya nuna inda ikon fitutari ya fara da inda ya tsaya, sannan ya ɗora wannan ilimi a kan halin da ake ciki a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Hujjar da zai kafa ita ce: ɓarnar da ta fi tsanani ga haihuwar mace tana iya aukuwa tun tana cikin mahaifiyarta ko tana shan nono, alhali ba za a ga alamarta ba sai bayan shekaru, lokacin da aka riga aka ɗora mata laifi.

Rumbun da ba a ƙara masa hatsi

Namiji yana ƙera maniyyi sabo tun daga balaga har tsufa. Mace kuwa da guzurinta take zuwa duniya. Lokacin da jaririya ke da mako 20 a ciki, ƙwayayen da ke jikinta sun kai miliyan 6 zuwa 7. Kafin a haife ta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, ranar da ta balaga kuma saura kamar dubu 300 zuwa 400. Daga cikin wannan tari, waɗanda za su nuna har a sake su a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran, fiye da kashi 99 cikin 100, shanyewa suke yi a hanya. Rumbu ne da aka cika sau ɗaya tak, ana ɗiba kullum, ba a zubawa.

Kowane ƙwai yana zaune ne cikin wata 'yar jaka ta ƙwayoyin halitta masu rainonsa. A matakin farko jakar barci take yi: ƙwai ɗaya, kewaye da layi guda na shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi. Idan ta farka sai ƙwayoyin su kumbura, su fara ninkuwa. Su ne ake kira giranulosa. Daga nan sai wani layi ya samu ta waje, mai jijiyoyin jini, wanda ake kira teka. Sai rami mai ruwa ya buɗe a tsakiyar jakar, ta yi ta girma har ta turo fatar ma'ajiyar ƙwai, ta fashe, ƙwan ya fita. A 1968 Torben Pedersen da Hannah Peters suka tsara waɗannan matakai daki-daki a jikin ɓera, gwargwadon girman ƙwai da yawan ƙwayoyin da ke kewaye da shi, kuma har yau masu bincike na ƙirga da ma'auninsu.

Akwai wani abu muhimmi game da lokacin da ake cika rumbun. A jikin ɓera, ƙwayayen suna fara rayuwa ne a dunƙule, kamar nonon inabi. A kwanakin farko bayan haihuwa dunƙulen ke wargajewa, kowane ƙwai ya sami jakarsa, kuma wajen kashi biyu cikin uku suna mutuwa a wannan ɗan tsakani. A jikin ɗan Adam wannan aiki yana gudana ne tun ana ciki. Ke nan yawan abin da mace za ta mallaka har ranar da haila ta ɗauke mata, an yanke shi ne a lokacin da ba ta ci ba ta sha sai abin da uwa ta ci ta sha.

Yadda aka gano hannun fitutari

Fitutarin mutum ba ta fi ƙwayar wake girma ba, nauyinta kamar rabin giram, tana kwance cikin wani ɗan gurbi na ƙashi a gindin ƙwaƙwalwa. Gwaje-gwaje biyu ne suka tona aikinta, kusan a lokaci guda. A Amurka, wajen 1926 da 1927, Philip Smith ya ƙware wajen cire fitutarin babban ɓeran gwaji ba tare da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba. Ya ga ma'ajiyar ƙwai ta motse, zagayen barbara ya tsaya. Da ya dasa wa dabbar wata fitutarin, sai al'amura suka dawo. A birnin Balin na Jamus kuma, Bernhard Zondek da Selmar Aschheim suka bi ta ɗaya ɓangaren: suka dasa gaban fitutari a jikin 'yan ɓerayen da ba su balaga ba, cikin kwanaki kaɗan sai ga jakunkunan ƙwai sun girma kamar na manya. Su ne kuma suka gano cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani sinadari mai irin wannan aiki, har ya zama hanyar gwajin ciki ta farko da za a iya dogara da ita: a yi wa ƙananan ɓeraye allurar fitsarin mace, bayan kwana huɗu a duba ma'ajiyar ƙwansu.

A 1931, a Jami'ar Wisconsin, Fevold da Hisaw da Leonard suka nuna cewa saƙon fitutari iri biyu ne. Ɗaya yana rainon jaka, shi ne FSH. Ɗaya kuma yana fasa ta, ya mai da ragowarta wata tsoka mai ruwan ɗorawa, shi ne LH. Sai wata tambaya ta taso: wa ke ba fitutari umarni? Geoffrey Harris a Ingila ya nuna cewa saƙo yana gangarowa ne daga wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos, ta cikin wasu siraran jijiyoyin jini. A 1971 tawagar Andrew Schally ta fitar da tsarin wannan saƙo, GnRH, aikin da ya sa shi da Roger Guillemin suka sami lambar Nobel a 1977. A 1978 kuma ɗakin binciken Ernst Knobil ya nuna a jikin birai cewa sai saƙon ya zo ɗigo-ɗigo, da tazara, fitutari ke amsawa. Idan aka kwarara shi ba yankewa, toshe kunnenta take yi.

Sarkar umarnin ke nan: ƙwaƙwalwa ta yi wa fitutari magana, fitutari ta yi wa ma'ajiyar ƙwai, ita kuma ta mayar da amsa sama.

Inda ikon fitutari ya fara, da inda bai kai ba

Cire fitutari baki ɗaya tamkar rushe gida ne don a san aikin ginshiƙi guda. Ana buƙatar hanyar da za a zare saƙo ɗaya kawai, a bar sauran. Dama ta farko ta zo ne a 1977, lokacin da Bruce Cattanach da abokan aikinsa a Ingila suka ba da labarin wani irin ɓera da aka haifa da naƙasa a ƙwayar gadon GnRH. Waɗannan ɓeraye ba sa balaga, amma da aka duba ma'ajiyar ƙwansu sai aka tarar jakunkuna suna farkawa, suna fara girma, sannan su cije kafin su yi nisa. A 1986 aka dasa lafiyayyar ƙwayar gadon a cikin zuriyarsu, haihuwa ta dawo.

Bayan an iya kashe ƙwayar gado guda da gangan, sai hoton ya ƙara fitowa. A 1997, a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston, Rajendra Kumar da Martin Matzuk suka samar da ɓeran da ba ya iya haɗa FSH. Matan ba su haihu ba ko ɗaya. Jakunkunansu sun tara layukan giranulosa, amma sun tsaya daidai gaɓar da ramin ruwa zai buɗe. Mazan kuwa, duk da ƙanƙancewar marainansu, sun haihu. A 2001 tawagogi biyu, ɗaya a Finlan ɗaya a Amurka, suka cire makarɓar saƙon LH. A nan jakar ta kai ga buɗe ramin ruwa, amma ba ta nuna ba, ba ta kuma fashe ba.

To, wa ke tuƙa matakan farko, tun da ba fitutari ba ce? Amsar tana cikin ma'ajiyar ƙwan kanta. A 1996 ɗakin binciken Matzuk ya nuna cewa ƙwan da kansa yana fitar da wani sinadari, GDF9, kuma idan babu shi jaka ba ta wuce layi ɗaya na giranulosa, ko da FSH ya cika jini. A 1999, a birnin Rotadam, Alexandra Durlinger da abokan aikinta suka nuna cewa jakunkunan da suka fara girma suna fitar da AMH, wanda ke hana na barci farkawa da yawa lokaci guda; ɓeran da ba shi da shi rumbunsa ya ƙare da wuri. A 2003 kuma aka ga cewa idan aka cire ƙwayar gadon Foxo3, jakunkunan barci sukan farka gaba ɗaya, macen ta haihu da farko, sannan ta ƙafe tun tana da ƙuruciya.

Daga waɗannan gwaje-gwaje za a iya raba rayuwar jaka gida biyu. Kashi na farko, daga barci zuwa tara layuka, hukuncin cikin gida ne, ba ya jiran fitutari. Kashi na biyu, daga buɗewar ramin ruwa zuwa fashewa, ba ya yiwuwa sai da FSH da LH. Fitutari ba ta shuka, ba ta cika rumbu. Aikinta shi ne ta ceci wasu daga cikin waɗanda suka riga suka taso, ta kai su ga nuna. Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya.

Saƙo da amsa

Yadda saƙonnin biyu ke aiki a cikin jaka misali ne na rabon aiki. LH yana sauka a kan ƙwayoyin teka, su ɗauki kitsen kolastarol su mai da shi andirojin, wanda aka fi sani da homon na maza. Andirojin ɗin ya tsallaka ciki zuwa giranulosa, inda FSH ya riga ya tayar da wani sinadari mai suna aromates, shi kuma ya juya shi ya zama istirojin. Kamar majemi da baduku ne: ɗaya ya jeme fata, ɗaya ya ɗinka, babu wanda zai fitar da takalmi shi kaɗai.

Istirojin da wani homon mai suna inhibin su ne amsar da jaka ke aikawa sama. Suna isa fitutari sai ta rage FSH. Raguwar ita ce matatar zaɓe: jakar da ta riga ta tara makarɓan FSH da yawa, ta kuma fara jin LH, za ta rayu da ɗan abin da ya rage, sauran su shanye. A jikin mace yawanci jaka ɗaya ke tsallake wannan mataki a wata, a jikin ɓera kuwa wajen goma.

Sai kuma juyin da ya fi ban mamaki. Istirojin da ke danne fitutari yana kaɗan, idan ya yi yawa ya kuma daɗe, sai ya koma zuga ta. LH ya yi ambaliya, ƙwan da ya daɗe a tsaye a tsakiyar rabuwarsa ya ci gaba, bangon jaka ya fashe. A jikin ɓera wannan ambaliya tana ɗaure da agogon jiki, da la'asar take zuwa, ƙwai ya fita cikin dare. John Everett da Charles Sawyer sun nuna a 1950 cewa idan aka sa babban ɓera barci da magani a daidai waɗannan sa'o'i, sai sakin ƙwai ya jinkirta da kwana guda cur.

Abin lura ga likita a nan shi ne, matakin FSH a jini madubi ne na halin da rumbu ke ciki. Idan jakunkuna sun yi ƙaranci, amsa ba ta zuwa, sai fitutari ta ɗaga murya. Shi ya sa FSH ke hawa a jikin macen da haila ta ɗauke wa. Ganin haka a jikin yarinya ko matashiya alama ce ta cewa matsalar tana ƙasa, a ma'ajiyar ƙwai.

Daga wannan ilimi maganin rashin haihuwa na zamani ya tsiro. A 1957 Ruth Fowler da Robert Edwards suka nuna yadda allurar homon ke sa balagaggiyar macen ɓera ta saki ƙwai masu yawa. Edwards ɗin nan shi ne, tare da Patrick Steptoe, ya kai ga haihuwar jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a wajen jiki a 1978. Amma ko wannan fasaha ba ta ƙirƙirar ƙwai. Abin da ke cikin rumbu kawai allura ke iya kira.

Daga bagaruwa zuwa kuromiyam

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano. Heinrich Barth, da ya zo birnin a 1851, ya yi bayanin yawan takalma da jemammun fatun da ake fitarwa daga nan. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa danganta ta da Maroko. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki, kuma har yau akwai masu yin haka a cikin birni. Jimar zamani kuwa, wadda ta bazu a duniya tun ƙarshen ƙarni na 19, da gishirin kuromiyam ake yin ta, saboda tana da sauri kuma fatar tana fita da laushi da juriya. Mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya yau ta wannan hanya ake bi, haka ma a manyan kamfanonin fata na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Fata ba ta shanye duk kuromiyam ɗin da aka zuba mata. A tsarin da aka saba, kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita tare da ruwa.

Hanyoyin da ruwan ke bi sanannu ne. Na Bompai yana shiga rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa Kogin Challawa, wanda kuma ke karɓar na rukunin masana'antun Challawa a ƙasar Kumbotso, kafin ya haɗu da Kogin Kano a wajen Tamburawa. A gaɓar waɗannan rafuka 'yan lambu ke noman rani: alayyafo, latas, kabeji, karas, tumatir, waɗanda ke shiga kasuwannin birni. Dabbobi na shan ruwan, masunta na kamun kifi a ciki, rijiyoyin unguwannin da ke kusa kuma ƙasa ɗaya suke sha da shi.

Wajibi ne a bambance nau'o'in kuromiyam biyu, domin a nan ne ake yawan kuskure. Wanda ake jima da shi, mai daraja ta uku, hanji ba ya tsotsarsa sosai, kuma da wuya yake shiga ƙwayar halitta. Mai daraja ta shida kuwa guba ne, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa. Siffarsa ta yi kama da ta salfet, don haka ƙwayar halitta takan buɗe masa ƙofa bisa kuskure. Yana shiga sai ya fara rikiɗa zuwa na uku, a kan hanyar rikiɗar kuma ya saki wasu sinadarai masu ƙona abin da ke cikin ƙwayar. Sai dai tsakanin nau'o'in biyu babu katanga. Na uku yana iya komawa na shida idan ya haɗu da wasu ma'adanan manganis a cikin ƙasa, ko idan aka ƙone tarkacen jemammiyar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam, kowane iri, a ruwan sha a kan miligiram 0.05 cikin lita guda.

Abin da kuromiyam ya yi wa ɓeraye

A 1996 masu bincike a cibiyar nazarin gubar masana'antu ta Lucknow a Indiya, ƙasar da ita ma ke da manyan majemu, suka ba matan ɓeraye kuromiyam na shida a ruwan sha. Suka tarar jakunkunan ƙwai sun ragu, ƙwan da ake saki ya ragu, zagayen barbara kuma ya tsawaita.

Aikin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Sakhila Banu da abokan aikinta na Jami'ar Texas A&M, wanda aka buga a 2008. Ba 'ya'yan aka ba gubar ba, iyaye mata masu shayarwa aka ba a ruwan sha, 'ya'yan kuma suka same ta ta nono. Da 'ya'ya matan suka girma, sai aka ga balagarsu ta jinkirta, jakunkunan ƙwansu sun yi ƙaranci, istirojin da wani homon mai suna furojestaron sun sauka, FSH kuma ya hau. Wanda ya fahimci sarkar saƙo da amsa zai karanta wannan sakamako kai tsaye: fitutari tana kira, tana ƙara ɗaga murya, masu amsawa ne suka ƙaranta. Sun kuma lura cewa bitamin C ya rage ɓarnar, abin da ya yi daidai da yadda gubar ke ƙona ƙwayar halitta. Ayyukan da tawagar ta yi daga baya sun nuna cewa idan aka ba uwa gubar tana da ciki, mutuwar ƙwayaye tana ƙaruwa a jikin 'yarta a daidai lokacin da dunƙulen ƙwai ke wargajewa, rumbun ya ƙare kafin lokacinsa.

Dole a auna waɗannan sakamako da ma'aunin gaskiya. Adadin da ake ba ɓeraye a irin waɗannan gwaje-gwaje ya ninka iyakar ruwan sha sau ɗaruruwa, har dubbai. Ruwan cikin ɗan Adam yana mai da wani kaso na kuromiyam na shida zuwa na uku kafin ya shiga jini. Jikin ɓera kuma ba jikin mace ba ne: tsokar nan mai ruwan ɗorawa da ke riƙe cikin ɓera a farkonsa, alal misali, ta dogara ne ga wani homon mai suna furolaktin, ta mace kuwa ga LH da homon ɗin ciki. Saboda haka gwajin ɓera ba hukunci ba ne a kan matan Kumbotso ko unguwar Gama. Amma a ɗaya gefen, ɓeran gwaji guba ɗaya yake sha na 'yan makonni, yana cin abinci mai kyau. Mutumin da ke zaune a bakin magudana yana haɗuwa da tarin sinadarai, har da dalma da kadmiyam da ake samu a dagwalon masana'antu, shekara da shekaru, wani lokaci ga ƙarancin abinci mai gina jiki. Abin da ɓera ya yi shi ne nuna mana ƙofar da ɓarawo zai iya bi, da kuma sa'ar da yake zuwa.

Abin da wannan ke nufi ga Kano

Abu na farko ya shafi inda ya kamata a duba. Idan ana son sanin tasirin dagwalo a kan haihuwa, ƙirga yawan 'ya'yan da mata ke haifa ba zai wadatar ba, musamman a al'ummar da ake aure da wuri. Macen da rumbunta ya ragu da rabi tana iya haihuwa lafiya a shekarunta na ashirin, sai daga baya haila ta ɗauke mata kafin tsararrakinta. Ma'aunan da suka dace su ne shekarun fara haila, matakin AMH da FSH a jini, shekarun ɗaukewar haila, da kuma adadin ƙarafa a jinin cibiya da ruwan nono, a kwatanta mazauna ƙasan magudana da mazauna samanta. Kano na da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Zariya na da cibiyar nazarin fata da ke Samaru da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Awaki da tumakin da ke kiwo a bakin Challawa ma shaidu ne, domin ana iya ƙirga jakunkunan ƙwansu a mayanka ba tare da an taɓa jikin mutum ba. A wajen gwajin ruwa kuma, a riƙa ware kuromiyam na shida daga na uku, a auna shi da rani da damina, a ruwa da laka da ganye.

Abu na biyu ya shafi kariya. Tun da lokacin cika rumbu shi ne mafi rauni, mai ciki da mai shayarwa su ne farkon waɗanda za a tsare wa ruwan sha. Wannan ba dalili ba ne na yaye yaro da wuri, domin amfanin nono ga rayuwar jariri ya fi ƙarfin a yi wasa da shi; uwa za a ba tsabtataccen ruwa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire ƙarfe. Gyaran gaskiya a bakin bututun kamfani yake. Fasahar tace kuromiyam daga ruwan jima a sake amfani da shi tsohuwa ce, kuma tana rage wa mai kamfani kuɗin sayen sinadari. Doka ma akwai ta: an kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin muhalli na masana'antun saƙa da fata. Sana'ar fata tana ciyar da gidaje masu yawa a Kano, babu mai hankalin da zai nemi a kashe ta. Abin nema shi ne a tace ruwa kafin a sake shi, a daina ƙona tarkacen fata a fili.

Abu na uku ya shafi adalci a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma sananne ne a likitance cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji. Duk da haka a wurinmu mace ce ake kira juya. Ita ake kai wa gidan mai magani, ita ake yi wa gori a gidan biki, ita ake yi wa kishiya. Haihuwa ta Allah ce, kuma Shi ne Ya sanya mata sababai a jiki. Jinin da mace ta zubar wajen haihuwa yana iya lalata fitutarinta, kamar yadda Harold Sheehan ya bayyana a 1937, nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa. Ruwan da mahaifiyarta ta sha yana iya taɓa rumbunta tun ba a raɗa mata suna ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama laifinta.

Kammalawa

Shekaru kusan ɗari na bincike a jikin ɓera sun tabbatar da abubuwa uku: rumbun ƙwai sau ɗaya ake cika shi, matakan farko na girman jaka ba sa jiran fitutari, FSH da LH kuma suna iya nunar da abin da ya taso ne kawai. Idan fitutari ce ta gaza, likita na da allurar da za ta maye gurbin saƙonta. Idan rumbu ne ya ƙone, babu allurar da za ta mayar da hatsin. Wannan shi ya sa maganar tace ruwan Bompai da Sharaɗa da Challawa ta wuce maganar wari da mataccen kifi. Jaririyar da ke cikin uwarta yau a Fanshekara ko a bakin Getsi, a waɗannan watanni ake ƙidaya mata ƙwayayen da za ta rayu da su har tsufa, kuma jikokin Kano na cikin wannan ƙidaya.